Farashin bara ba shi ne na bana ba

Wani manomi ya aiko da tambaya: "Malam, bara abin da na noma ya yi tsada, bana na ninka gonar, sai ga kasuwa ta karye. Ina na kuskure?"

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka ga tsadar bara ba. Maƙwabcinka ya gani, na gaba da shi ma ya gani, kowa ya ƙara fili. Da kaka ta yi, kaya ya fi masu saye yawa. Baɗi waɗanda suka ji jiki za su guje shi, ya yi ƙaranci, ya sake tashi. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan kai-komo. A 1934 Nicholas Kaldor ya laƙaba masa sunan saƙar gizo, don haka yake fitowa in an zana shi a takarda. Tushen abin shi ne watannin da ke tsakanin shuka da girbi: da farashin jiya ka yanke shawara, da na gobe za a biya ka.

Ni kafin damina wurin mai sayar da iri nake fara leƙawa. In na tarar ana layi kan iri guda har yana ƙarewa da hantsi, na san taron da zan tarar a kasuwa ke nan, sai in rage. Ka raba gonarka biyu ko uku. In kuma ajiya za ka yi, ka lissafa kuɗin buhu, maganin ƙwari, ramewar kaya da bashin da ke kanka, ka ga ko jiran zai biya.

Wani kuma cewa ya yi: "Me zai hana gwamnati ta yanka farashi kowa ya huta?"

An gwada. In ta yanka ƙasa da na kasuwa, kaya ya ɓuya, manomi ya rage noma. In ta yanka sama, dole ta saye rarar da kanta. Haka Turai ta yi har madara da man shanu suka cika rumbunanta, ala tilas a 1984 ta ƙayyade wa kowace ƙasa yawan madarar da za ta samar. Da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitar da shinkafa a 2007 da 2008, farashinta a duniya ya kusa ninkawa uku cikin 'yan watanni.

Amma kada wani ya ce maka a bar kasuwa ta yi yadda ta ga dama a komai, masanan ma ba haka suka ce ba. George Akerlof ya nuna a 1970 cewa in mai saye ba ya iya bambance nagari da na bogi, ba zai biya kuɗin nagari ba, mai kayan kirki ya tattara ya fice. Da tsofaffin motoci ya yi misali, amma duk wanda ya taɓa shuka irin da bai tsiro ba ya gane karatun. Nan ne hukuma ke da aiki: duba sikeli, gwada taki, hukunta mai gauraya.

Kafin hukumar ta iso, ɗebi ƙwaya 100 daga buhun irin da ka saya, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma, ka nannaɗe, ka ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda. In ba su kai 80 ba, mayar wa mai irin da kayansa, rasit a hannu.