Tseren Motoci: Wa Zai Sha Wahalar Hanya?

Tambaya: Malam, a gasar tseren motoci ta masu sha'awa a Birtaniya, filayen suna nesa da juna. Yaya ake tsara jadawali ba tare da an ƙwari kowa ba?

Amsa: Maganar ta aljihu ce. Direbobin nan ba a biyansu, su ke sayen mai da tayoyi, su ja motar a tirela. Daga filin tsere na Brands Hatch a kudancin Ingila zuwa na Knockhill a Sukotilan ya haura kilomita 700, mai aiki sai ya nemi hutun Juma'a.

Don haka ake haɗa tsere biyu ko uku a ƙarshen mako guda, tafiya ɗaya ta wadatar. Akwai kuma zubar da maki: misali a tsere 14, a ƙirga 12 mafi kyau. Nan ake tuntuɓe. Idan zubarwar ta kai yawan tseren fili mai nisa, 'yan kudu sai su ƙi zuwa, motoci su yi kaɗan, kuɗin hayar fili ya gagara. A ganina, a zubar da ɗaya kawai daga can. A kuma bar aƙalla mako uku tsakanin haɗuwa, domin wanda injinsa ya buga ya samu gyarawa.