Amsa ga mai tambaya kan tsutsa mai jinsi biyu

Ɗan'uwa Sani na Agege, ka tambaya: tunda tsutsar nan mai faɗin jiki tana da gaban namiji da na mace, me ya kai ta neman abokin barbara? Tambayarka ta yi min daɗi ƙwarai.

Ɗauki Macrostomum lignano, 'yar mitsitsiya da ake samu a gaɓar teku a Italiya, tsawonta bai kai milimita 2 ba. Jikinta garau yake, ana hango komai ta madubin ƙara girma. Masana a Jami'ar Basel ta Suwizalan sun daɗe suna nazarinta. Idan aka tara su da yawa wuri guda, 'yan marainansu sukan ƙara girma, domin gasar maniyyi ta yi zafi. Idan biyu ne kacal, sai ƙarfin ya fi karkata ga yin ƙwai. Kamar mai tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas ne, yawan abokan gasa ke sa shi ƙara jari.

Akwai 'yar'uwarta, Macrostomum hystrix, mai soka maniyyi ta fata da tsinin gabanta. In ta rasa kowa, kanta take sokawa, har a ka.

Amma tsutsar da ke jawo tsargiya, duk da danginsu ce, namiji daban take da shi, mace daban.