Amsa ga ƙanwarmu da aka kira aikin tace bayanan binciken waya

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Na ga tambayarki tun daren jiya: an kira ki ganawa a kan aikin sarrafa bayanan binciken da ake yi wa gidaje ta waya game da lafiyar yara da karatunsu, kina son sanin me aikin ya ƙunsa da manhajar da za ki koya kafin ranar. Allah Ya sa ki dace. Na yi shekaru a wannan aikin, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Batun manhaja ba shi da tsawo. Binciken MICS na UNICEF kan halin da yara da mata suke ciki a gidaje, wanda aka fara tun 1995 kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi zagayensa a Najeriya a 2021, da CSPro ake shigar da bayanansa, a fitar da jadawalai da SPSS. Akwai reshensa na waya, MICS Plus, wanda ƙasashe irin su Mongoliya da Jojiya suka yi. Binciken wayar da hukumar ta fara da Bankin Duniya a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, da gidaje 1,950, da Survey Solutions aka yi shi. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa KoboToolbox ko ODK suka fi riƙewa. In kin iya SPSS ko Stata sosai, kuma Excel ba ya ba ki tsoro, sauran za ki kama su cikin 'yan makonni.

Inda aikin yake da nauyi shi ne sanin abin da ya faru a waya kafin lamba ta iso gabanki. Ke ba ki ga gidan ba, mai kiran ma bai gani ba, murya kawai ya ji, wani sa'in ma sabis na yankewa.

Ɗauki shekarun yaro. Yawancin lissafin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da watanni ake yin sa: shayar da nono zalla ana duba ta ga jarirai 'yan ƙasa da wata 6, rigakafi kuma ga 'yan wata 12 zuwa 23. To mai kira ya tambayi maigida yaushe aka haifi auta, ya ce "ai da azumin bara ne", ko "bayan an yi girbin gero". Wanda ya je gida da ƙafarsa zai ce a ɗauko katin rigakafi ya duba. A waya babu wannan. Akwai zagayen da na buɗe fayil na tarar yara masu yawa sun taru a kan wata 12, 24 da 36 cif-cif, kamar an jera su. Masu kira ne ke jin "shekara biyu" su rubuta 24. Sai da muka zauna muka haɗa musu takardar da ta jera azumi, ƙaramar salla da babbar salla na kowace shekara daura da watannin bature, suka sake kira. Yaron da aka tura daga wata 22 zuwa 24 ya fita daga lissafin rigakafi ke nan, alhali wataƙila shi ne bai samu allurar ƙyanda ba. Wannan yana damuna har yau.

Sai wanda ya ɗaga wayar. A gidaje da yawa wayar a aljihun maigida take, shi kuma yana kasuwa ko gona. Ki tambaye shi ko yaro ya yi gudawa cikin makonni biyun da suka wuce, zai ce lafiya lau, da zuciya ɗaya, don uwar ce ta kwana tana wanki. Saboda haka kada ki taɓa yarda a cire gurbin da ke nuna wanda ya amsa. Ki riƙa kwatanta amsoshin iyaye maza da na mata, za ki ga tazara.

Gidan da ke da mata biyu ko uku kuma, sai ki yi hattara da lambar kowane yaro. Na taɓa samun gida mai Muhammadu uku, a zagaye na farko an rubuta sunan yanka, a na biyu mai amsa ya ce Abba da Baffa da Khalifa. Da suna muka bi wajen haɗa fayilolin, da mun ƙirƙiro yara uku da babu su. Lambar gida da lambar mutum a jerin 'yan gida, su ne abin riƙo. Haka yaron da aka kai almajiranci wani gari: ɗan gidan ne ko an cire shi? In an ce "yana zuwa makaranta", boko ce, islamiyya ce ko ta allo? Ki tabbata an yanke wannan a rubuce kafin kiran farko, don in kowane mai kira ya yi yadda ya ga dama, babu gyaran da kwamfuta za ta yi miki daga baya.

Wani abu ƙarami mai ɓarna: "ban sani ba" ana ba ta lamba kamar 98, wanda ba a amsa ba 99. In kika manta kika bar su cikin lissafin matsakaici, sai ki ga abin da hankali ba zai ɗauka ba. Gurbin da babu komai kuma ba sifili ba ne. Wataƙila tambayar ba ta shafi gidan ba ne aka tsallake ta.

Waɗanda ba a samu ba su ne suka fi tsaya mini a rai. Layi ya mutu, babu caji, an sace waya, ko kamfani ya sake sayar da lambar ga wani. A Afrilun 2022 an toshe kiran fita a layukan da ba a haɗa da NIN ba, mutane da dama suka yar da tsofaffin layukansu. Gidan da ba shi da waya ko yake inda sabis bai kai ba, galibi shi ne yaransa suka fi shan wahala. In kika ɗauki waɗanda suka amsa kawai, sakamakon zai nuna abubuwa sun fi yadda suke a zahiri kyau. Shi ya sa ake daidaita nauyin kowane gida, wato yawan gidajen da yake wakilta a lissafi, a kwatanta waɗanda aka samu da jerin gidajen da aka zaɓa tun asali ta fuskar karkara da birni, arziki da ilimin maigida. Ki karanta wannan da kyau, na tabbata za a tambaye ki a kansa. Ko an daidaita ɗin ma, ki rubuta a rahoto gidaje nawa aka kira, nawa suka amsa.

Sunaye da lambobin waya amana ne a hannunki. Ki raba su da fayil ɗin nazari, kada ki tura su ta WhatsApp komai gaggawar oga. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, ga kuma hakkin uwar da ta faɗi ciwon ɗanta don an yi mata alkawarin sirri.

Ranar ganawa, ki tambaye su sau nawa ake sake gwada lamba kafin a haƙura da ita, kuma ko ana duba bayanai kullum ne ko sai an gama zagaye. In Allah Ya sa kin samu, ki roƙi a bar ki ki zauna da masu kira kwana biyu ko uku kina sauraro kafin ki buɗe fayil ko ɗaya. In kin makale a CSPro, ki rubuto nan, zan duba in sha Allahu.