Abin da ya sa ba mu saki kalangu ba a Garwa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga bidiyon bikin ƙanwarka a WhatsApp, ka yi mamakin yadda har gobe muke kiran mai kalangu da maroƙi, alhali a Kano yanzu sai DJ da manyan lasifika, wasu gidajen ma walima kawai ake yi a watse. Har kana tambaya ko an bar mu a baya ne. Ban ga laifinka ba, ba ka taɓa zama a nan ba.

A nan Garwa, arewacin Kamaru, Fillanci ne harshen kasuwa da na titi. Yaro zai tafi makaranta ya yi karatu da Faransanci, ya dawo ya buga ƙwallo da Fillanci, Hausa kuwa sai ya shigo gida, nan ma in an yi dace uwarsa Bahaushiya ce. Ku can wannan fargabar ba ta taɓa hana ku barci ba. Mu a nan akwai jikokin Kanawa da Katsinawa da Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. Amma a kunna waƙa ka gani. Yarinyar da take in'ina in ta zo ba ka labari, sai ka ji ta rera baiti guda cur ba gargada. Yawancin karin maganar da 'ya'yana suka sani, a bakin mawaƙa da kakarsu suka tsince su, ita da ba ta iya daka ba sai da lugude da waƙa.

Zancen maroƙi kuwa ya fi haka nauyi. Kakanninmu fatauci ya kawo su, bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta a hannun Shehu Usmanu a 1809 ƙasar nan ta buɗe wa fatake. Suka zo da tufafi da kanwa, wasu da sana'ar fawa, wasu da dukanci, suka yi aure suka zauna. Ba wanda ya rubuta mana wannan tarihin gida-gida. Maroƙi ne ya riƙe shi. In ya tsaya a tsakiyar taro ya ce wannan jikan wane ne, wanda ya baro unguwa kaza a Kano da jakunansa, yaro yana tsaye yana ji, ranar yake sanin shi ba daga sama ya faɗo ba. Kai da ka buɗe ido ka ga Dala da Kurmi, ba ka bukatar a tuna maka. Mu muna bukata.

Da ka ga wani dattijon mahauci maƙwabcinmu a bikin nan. Ƙafa ta dame shi, da sanda ya zo, aka ba shi kujera a gefe. Mai kalangu ya hango shi, ya matse gangar a hammata, ya sauya murya ya ɗauko taken mahauta. Tsohon nan ya ɗago kai, ya jingine sandar, ya miƙe yana gyara hula. Bai yi wata rawar kirki ba, taku kaɗan ne, ya ciro ɗari biyar ta sefa ya liƙa wa makaɗin a goshi. Amma har aka tashi yana ba yara labarin mayanka ta da, mutumin da kullum sai an yi da gaske yake amsa gaisuwa.

Kuma kada ka zaci mu kaɗai ne. Ka zo ranar Sallah ka tsaya a ƙofar fadar Lamiɗo, ka ji kakaki da algaita da ganguna lokacin hawa. Sarkin Bafillace ne, amma sau da yawa da Hausa ake masa kirari. Na sha ganin baƙo daga Najeriya ya tsaya baki buɗe. Mutanen kudu ma, na Yawunde da Duwala, duk wanda suka gani da babbar riga Bahaushe suke ce masa, ko da bai iya ko "sannu" ba.

Batun malamai masu hana kiɗa da ka kawo, a nan ma ana wannan muhawarar. Akwai gidajen da ba a kiɗa ko kaɗan, akwai waɗanda sai bege lokacin Mauludi, kuma ban taɓa raina kowa a kan haka ba. Ni ma ba na son a cakuɗa maza da mata a kwana ana tsalle, haka nan maroƙin da zai tasa ka da zambo don ba ka ba shi ba, ba ya shiga gidana. Sai dai a hana ɓarna daban, a rufe bakin wanda yake riƙe da sunayen iyayenmu daban.

Samarinmu suna jin waƙoƙin finafinan Kano a waya kamar ku, suna haɗawa da kiɗan makosa na kudu. Abin da ke damuna shi ne 'ya'yan makaɗa sun fi son acaba da gadon gidansu, masu kalangun da suka rage duk sun manyanta. In Allah ya kai mu Babbar Sallah ka biyo ta Yola ka zo, ba nisa. Ka taho da canji a aljihu, don maroƙin unguwarmu ya san kakanka, kuma ba zai ƙyale ka ba.