Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan itacen ɓaure

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ƙanena da ka rubuta cewa shekararka 9 da yin baftisma amma har yau fushi na nan, ƙarya na nan, ba ka ganin 'ya'yan Ruhu, wato halaye irin su ƙauna da haƙuri, a jikinka, kuma tun da ka karanta Luka 13 tsoro ya kama ka ko kai ne itacen ɓauren da za a sare don ba ya 'ya'ya, tun jiya da dare na ga tambayarka na kasa wucewa, don ni ma na taɓa kwana da wannan tsoron.

Ni kafinta ne, sama da shekara 20 ina wannan sana'a a Zariya. Akwai lokacin da in ka zo cocinmu ba abin da ba na ciki, ƙungiyar mawaƙa ina ciki, Zumuntar Maza ni ne ma'aji, addu'ar safe ba na fashi, in za a fita bishara ƙauye ni ne a gaba, zakkata kuma ba ta makara. A lokacin nan kuwa akwai wani yaro a shagona, ya gama koyo har na fara biyansa, muka yi aikin kujerun wata makaranta tare, na riƙe masa kuɗinsa wata 7. Ba wai babu ba fa, an biya ni tuntuni, na zuba kuɗin a katako ina juyawa, kullum ya tambaya sai in ce sai kwastoma ya kawo balas. Yaron nan ba Kirista ba ne, kuma yana gani ranar Lahadi nake rufe shago in ɗauki Littafi Mai Tsarki in wuce ta ƙofar gidansu.

Abin da ya kama ni ba Luka ba ne ma, Ishaya 5 ne, wata Laraba a nazarin Littafi. Baba Fasto na karantawa yadda mai gona ya kafce ƙasa, ya tsince duwatsu, ya dasa inabi mafi kyau, ya gina hasumiyar tsaro, har wurin matse ruwan inabin ya haƙa, wato ya gama shiri tun kafin kaka don ya tabbata zai girba, sai gonar ta ba shi 'ya'ya masu tsami. Da aka kai aya ta 7 sai na ji abin da Allah ya zo nema, adalci ya zo nema ya tarar da zub da jini, gaskiya ya zo nema sai ga kukan mutane. Ban ji an ce ya zo neman waƙa ko yawan taro ba. Wani dattijo kuma ya ƙara da Yakubu 5:4 cewa hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Dattijon bai san komai a kaina ba, amma na zauna kamar an watsa min ruwan sanyi.

Ka san mangwaro. A gonar babana wajen Malumfashi akwai wani da ya fi duk sauran ganye da inuwa, a gindinsa muke hutawa, amma bazara ta zo ta wuce ba ka tsinci ko ɗaya ba, ga wani ƙaramin ɗan aure a gefe da bai kai rabinsa ba reshe har ƙasa don nauyi. To ni ne wancan babban. Duk hidimar da na lissafa maka ganye ne, kuma ganye ba laifi ba ne, itace na bukatarsa, sai dai ba shi mai gona ya zo tsinka ba.

Yanzu tambayarka, ko Allah zai sare ka. Ba zan yi maka daɗin baki ba, gargaɗin nan na gaske ne. Duba farkon Luka 13, Yesu ya kawo misalin ɓauren ne bayan maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, kuma sau biyu ya ce in ba ku tuba ba haka za ku hallaka. Shekara 3 mai gona na zuwa ba ya samun komai, yana da hujja ya ce a sare. Amma dan Allah ka sake karanta aya ta 8 a hankali, wa ya yi magana? Itacen bai ce uffan ba, bai yi alkawarin zai ƙara ƙoƙari ba. Mai lura da gonar ne ya ce a bar shi bana ma, ni zan yi masa kaftu in zuba masa taki. Shi ya ɗauki aikin. Haka ma a Yahaya 15:5, reshe ba ya yin komai in ba a jikin kuranga yake ba. Yawancinmu in mun ga ba 'ya'ya sai mu ƙara azumi mu ƙara shiga ƙungiya, mu kuma hana fartanyar nan taɓa gindinmu.

Taki kuma wari gare shi, wannan kam na sani. Nawa takin shi ne na sayar da katakon nan da asara, na tafi gidansu yaron da yamma, a gaban mahaifinsa na durƙusa na ce ƙarya na yi ta yi masa, an biya ni tun watan fari. Mahaifin ya karɓi kuɗin ya ƙirga ya miƙa wa ɗansa, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yaron bai dawo shagona ba, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba. Na koma na gaya wa dattawan ikilisiya, na ajiye ma'ajin na shekara guda.

Kada kuma ka ɗauka wanda ya fāɗi an gama da shi. Yahaya Markus ya gudu ya bar su Manzo Bulus a ƙasar Bamfiliya ana tsakiyar tafiyar bishara, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin nan ne ya ce a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Shekaru ne a tsakani, ba sati biyu ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, ka daina auna kanka kai kaɗai cikin dare. Itace ba ya ɗanɗana 'ya'yansa, masu ci ne suka san ko da zaƙi. Jerin nan na Galatiyawa 5:22-23, ƙauna, haƙuri, kirki, tawali'u, kamunkai da sauransu, kusan duk a jikin wani ake ganinsu. Ka tambayi matarka in kana da aure, ko mamarka, ko wanda ke aiki a ƙarƙashinka, ka ce su faɗa maka gaskiya kuma kada ka kare kanka. In akwai wanda ka yi wa ƙarya da sunansa ya faɗo maka yanzu da kake karanta wannan, to daga nan za ka fara, cikin satin nan.

Ni fushi har yanzu ina fama da shi. Bara na tambayi maman yara ko ta ga wani canji, ta yi shiru tukuna, sannan ta ce fushin na nan, amma yanzu kana dawowa ka ba da haƙuri kafin a kwanta, da kuwa sai ka yi sati ba ka kula kowa a gidan nan. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da tankaɗen garinta.