Me masu son Obituary suke ji a kiɗansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani abokina ya ba ni waƙoƙin ƙungiyar Obituary ta Amurka, yana cewa suna cikin manyan masu kiɗan death metal, wato salon kiɗan jita da ganguna mai tsananin ƙara, tun fiye da shekara talatin. Na saurara, amma ban tsinci ko kalma ɗaya daga bakin mawaƙin ba sai gurnani, kuma duk waƙoƙin sun yi mini kama da juna. Mene ne masu son su suke ji wanda ni ban ji ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kunnenka bai yaudare ka ba, domin a waƙoƙinsu na farko sau da yawa babu cikakkun kalmomin da za a tsinta. Mu mun saba da waƙar da baiti ke jan ragama, kiɗa yana biye, amma John Tardy, mawaƙin wannan ƙungiya, ya ɗauki muryarsa a matsayin ɗaya daga cikin kayan kiɗan. A faifansu na farko, Slowly We Rot, wanda ya fito a 1989, yakan furta kalma biyu ko uku, sauran kuwa sauti ne da yake fitarwa daga maƙogwaro gwargwadon abin da kiɗan ke bukata a wurin. Abin lura a muryar shi ne yadda take fara gurnani daga can ƙasa, ta miƙe, sannan ta karye a ƙarshe kamar ta mai jin zafi, kuma da wannan karyewar ake gane shi cikin ɗimbin mawaƙan da ke irin wannan salo.

Ƙungiyar ta soma ne a 1984 a yankin Tampa na jihar Florida da sunan Executioner, kuma mutum uku ne ginshiƙanta har yau: John, da ƙaninsa Donald Tardy mai buga ganguna, da Trevor Peres mai kaɗa jita. A birnin ne situdiyon Morrisound yake, inda Scott Burns ya naɗi faya-fayansu na farko tare da na wasu ƙungiyoyi irin su Death da Deicide.

Abin da ya raba Obituary da takwarorinsu shi ne jinkiri, kuma a ganina nan ne darajarsu take. A lokacin da akasarin masu wannan kiɗa ke tseren wa ya fi wani sauri, su nauyi suka nema, tafarkin da suka koya daga ƙungiyar Celtic Frost ta Siwizalan. Peres yana sassauta tsirkiyoyin jitarsa ƙirar Fender Stratocaster su sauka ƙasa da yadda aka saba ɗaure su, ya rage kaifin sautin, sannan ya bi da shi ta wata 'yar na'ura mai suna RAT kafin ya shiga amfilifayar Marshall. Sautin da ke fitowa mai kauri ne da duhu, kuma yakan ɗauki gajeren salo guda, na sauti uku ko huɗu kawai, ya yi ta maimaita shi har ya zauna a jikin mai saurare. Donald kuwa ba kasafai yake yin bugun nan mai tsananin sauri da aka san death metal da shi ba. Yakan bar hannuwansa suna tafiya a hankali alhali ƙafafuwansa na gudu a kan manyan gangunan ƙasa, sai waƙar ta zama tana jan jiki daga sama tana gaggawa daga ƙasa. Idan za ka sake saurare, ka bi gangunan, ka jira wurin da gudu ke yankewa kwatsam kiɗan ya koma rabin saurinsa, domin a irin waɗannan gaɓoɓi ne kowace waƙa ke nuna kamanninta.

Zancen kama da juna kuma yana da ƙamshin gaskiya, amma ba gaba ɗaya ba. A Cause of Death na 1990, James Murphy ne ya riƙe jitar gaba, wato wadda ke yin kaɗe-kaɗen da ke fitowa a saman sauran kiɗan, kuma kaɗe-kaɗensa masu tsabta da zaƙi sun sa faifan ya bambanta ƙwarai da The End Complete na 1992, wanda Allen West, mai jitar gaba a faifansu na farko, ya dawo a cikinsa da salonsa mai kaushi. Ka saurari waɗannan biyun a jere, za ka ji tazarar da kanka. World Demise na 1994 ma ya karkata zuwa batun gurɓatar muhalli, kuma kalmomin sun fi fitowa fili.

Sun dakata a 1997, suka dawo a 2003, kuma daga Frozen in Time na 2005 zuwa Dying of Everything na 2023 ba su sauya alƙibla ba. Wasu masu sharhi na kallon haka a matsayin rashin ƙirƙira. Ni ban yarda ba, domin riƙe salo mai sauƙi har ya ci gaba da girgiza mutane a dandali bayan shekara arba'in aiki ne da ke bukatar makaɗan da suka san numfashin juna, kuma John da Donald da Peres tun suna samari suke kiɗa tare.