Tambaya da Amsa: Sayen Kwafin Zanen Turawan Ƙarni na 19 Don Ƙawata Falo

Assalamu alaikum. Ina shirin tarewa a sabon gida, sai na ga wani shago a intanet yana tallar kwafin zanen jirgin ruwa na Turner, mai zanen nan ɗan Ingila. Girma ɗaya ne amma farashi biyu, ɗayan ya ninka ɗayan sau da yawa. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya kamata in saya? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Mai yiwuwa zanen da kika gani shi ne The Fighting Temeraire na shekarar 1839, wanda ke nuna ƙaramin jirgi mai hayaƙi yana jan tsohon jirgin yaƙi a kogin Thames za a kai shi a farfasa, rana na faɗuwa a gefe. Na ainihin yana gidan adana zane na National Gallery da ke Landan, don haka duk abin da za a sayar miki kwafi ne. Babu laifi a ciki, domin Turner ya rasu tun 1851, haƙƙin mallakar ayyukansa ya daɗe da ƙarewa.

Mai tsadar, in dai mai shagon ya faɗi gaskiya, mutum ne ya zauna da buroshi da fentin mai ya kwaikwayi zanen a kan kyallen kanbas. Da yawan irinsu daga unguwar Dafen ta birnin Shenzhen a ƙasar Sin suke fitowa. Mai arahar kuwa inji ne ya buga hoton zanen a kan kyallen. Akwai na uku da ya fi yaudarar mutane: a buga da inji, sannan a bi samansa da wani abu mai kauri mara launi don a ga kamar sawun buroshi, a ce aikin hannu ne. Gane shi ba wuya. Ki haska fitilar waya daga gefe. A zanen hannu, tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana, sawun gajimare daban, na igiyar ruwa daban. A na bogi sawun yana ratsa komai ba ruwansa da abin da ke ƙasa. In kin samu gilashin ƙara girma, za ki ga ƙananan ɗige-ɗigen tawada a duk wanda inji ya buga.

A ganinmu, idan Turner ne, bugun inji mai kyau ya fi matsakaicin aikin hannu. Ƙarfin zanensa yana cikin yadda haske ke narkewa cikin hazo, launi ya shige cikin launi ba a ga iyaka. Mai kwaikwayon da ake biya da yawan abin da ya gama a mako ba zai tsaya a kan wannan ba, sai ki ga faɗuwar ranar ta koma ja da rawaya tsantsa kamar allon talla. Ki nemi bugun da ake kira giclée, ki tabbatar tawadarsa ta pigment ce, wato ta garin launi ba ta rini ba, domin ita ce ke jure haske. Idan kuma aikin hannu ranki yake so, kada ki cika kuɗi sai an turo miki hoton ainihin wanda aka zana miki, ɗaya daga nesa, biyu ko uku daga kusa, ki gwada su da hoton da ke shafin gidan adana zanen.

Ki kula da awo sosai. Na ainihin kusan santimita 91 ne a tsaye, 122 a kwance, wato uku bisa huɗu. Kwafin 60 da 80, ko 90 da 120, zai fito daidai. Aka ba ki 60 da 90, to ko dai an yanke wani sashe na sararin sama ko an ja jirgin ya yi tsawo.

Ina son irin zanen nan, amma ba na son rataya hoton mutane a gidana. Akwai wanda zai dace? Daga wani magidanci a Zinder.

Akwai da dama, Malam. Masu zanen zamanin Romantik, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, sun fi ba da ƙarfi ga teku da duwatsu da hadari. Bajamushe Caspar David Friedrich yana da zanen Tekun Ƙanƙara, wanda ke Hamburg: tarin ƙanƙara ne ya danne wani jirgi, babu mutum ko ɗaya a ciki. John Constable na Ingila ya yi zane-zanen gajimare zalla masu yawa a 1821 da 1822. Sai dai ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi kafin ka biya, domin shahararren zanensa na amalanke a cikin rafi, The Hay Wain, yana da mutane da dawakai da kare, ko da yake ƙanana ne. Manyan zanen Faransa biyu, na juyin juya halin 1830 na Delacroix da na mutanen jirgin ruwan Méduse da ya yi haɗari na Géricault, duk akwai tsiraici a cikinsu, ba na falon da yara da surukai ke zama ba ne.

Zanena ya iso a naɗe cikin kwali mai kama da bututu. Kafinta zai iya haɗa min shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Zai iya, amma ka tsaya a kansa. Da farko ka warware shi a hankali a kan tebur mai tsabta, fuskar tana sama, ya kwana ɗaya ko biyu ya saki jiki. In aikin hannu ne kuma har yanzu yana danƙo, ka ƙyale shi ya sha iska a inuwa. Fentin mai yana ɗaukar lokaci kafin ya bushe har ciki, shi ya sa ba a shafa masa banis sai bayan wata shida zuwa shekara.

Katakon da za a ɗaure shi a kai ya zama busasshe sarai, in ba haka ba zai murɗe da zarar hunturu ya shigo. A fere gefen ciki na katakon ta yadda bakin waje kaɗai zai taɓa kyallen. Aka bar shi a miƙe, nan da 'yan watanni za ka ga layin katakon ya fito a fuskar zanen. Idan tsawon ya kai mita ɗaya, a sa sanda a tsakiya. Ana buƙatar rarar kyalle kamar santimita 5 a kowane gefe. Wajen ɗaurewa, a fara daga tsakiyar gefe ɗaya, a koma tsakiyar wanda ke fuskantarsa, sannan sauran biyun, a riƙa matsawa zuwa kusurwa kaɗan-kaɗan, tazarar santimita 5 tsakanin ƙusa da ƙusa. Kafintan da ya gama gefe guda kafin ya koma wani zai bar maka tattara a kusurwa. Kada a yarda a manna shi da gam a jikin filawud.

A ina ya fi dacewa a rataya shi, kuma yaya ake goge shi? Daga wata uwargida a Gombe.

Tsakiyar zanen ya kasance kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. In a saman doguwar kujera ne, a bar tazarar santimita 20, faɗinsa kuma ya kai kashi biyu cikin uku na kujerar. A bangon bulo a huda da inji a sa roba da sukuru guda biyu, ƙusar kankare ɗaya ba ta hana shi karkacewa. A guji bangon da rana ke duka ta taga, da wanda ke jiƙewa da damina, da ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Babban abin da ke ɓata zane a gidajenmu, Hajiya, turaren wuta ne. Hayaƙinsa yana barin maiƙo a fuskar zanen, ƙurar hunturu ta zo ta manne, a hankali farin gajimare ya koma ruwan ƙasa. Ki riƙa ajiye kaskon nesa da shi. In falon ba ya rabuwa da turare, a sa masa gilashi, amma a bar 'yar tazara kada gilashin ya taɓa fentin. Gogewa kuwa da busasshen buroshi mai laushi, irin na kwalliya wanda ba a taɓa amfani da shi ba, daga sama zuwa ƙasa. Ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu, ban da man goge kujeru. Sau biyu a shekara a sauke shi a duba bayansa saboda gara da kyankyasai, musamman a ƙarshen damina.